Hannun da Ke Cafe Tsattsewa

Litinin, da hantsi

Mun dawo daga Puebla jiya. Jikina duk ya yi tsami, amma irin tsamin nan mai daɗi na wadda ta yi aikinta. An jefe ni da kofin giya, da ɓawon lemo, da takalmi ƙafa ɗaya. Wata mata ta ɗaga jaririnta sama ta ce masa, "Kalle ta da kyau, ga Baƙar Kunama nan, shaiɗaniyar da nake ba ka labari." Na yi musu gwalo ta ramin hular da ke rufe min fuska. Mu da muke fitowa a miyagu a dandalin kokawa, zagi shi ne tafinmu, jiya kuwa na sha tafi har na ƙoshi.

Otilia ta yi tashinta. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana Tsattsewa, 'yar lelen jama'a, ni ina Kunama, amma har yau in ta hau igiyar sama ta buɗe hannuwa sai fili ya yi tsit. Daga can take faɗowa waje, kan siminti, inda nake tsaye. 'Yan kallo suna ganin murƙushe ni ta yi. Ba su san cafe ta nake yi ba: kafaɗarta a ƙirjina, hannuna na hagu a bayan wuyanta, mu zube tare, ni a ƙasa. Aikina ke nan a duniya. Ban taɓa cin kambu ba, ba a taɓa buga hotona a bangon mujalla ba, amma duk ɗakin canza kaya da ka shiga daga nan Neza har Tijuana za a gaya maka Lala ba ta taɓa yar da kowa ba, ba ta kuma taɓa kaucewa ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan sosa min rai. Duk sanda muka zube, takan lalubi hannuna na hagu ta matsa, ni ma in matsa nata, wato kowa lafiya. Jiya ba ta matsa ba. Ta dai tsaya tana kallona ta ramin hularta, sannan ta tashi ta tafi karɓar tafi. Ko tsufa ne ya fara taɓa comadre, wato aminiyar tawa, ko kuwa kai ne ya fara girma, oho.

Fidencio ya yi min romon kaza da barkono. Mijin nan nawa, Allah ya bar min shi.

Talata, da safe

Kofin kofi ya suɓuce min ya fashe. Dama kofin santsi gare shi.

Laraba, da rana

Don Cástulo, mai filin kokawa, ya kira. Za a yi bikin zagayowar ranar buɗe filinsa, yana son ni da Tsattsewa a wasan ƙarshe, ranar Lahadin ƙarshen wata.

Ya ce, "Lala, 'yata, na sa ku a saman takarda. Da manyan baƙaƙe!"

Na ce, "Don Cástulo, shekarun baya ma da manyan baƙaƙe ka rubuta ni, ka manta wutsiyar kunamar."

"Bana da wutsiya har da dafi. Ke dai ki tsaya min inda kika saba, ta yi wannan tashin nata. Shi mutane ke saye."

Na ce to. Me zan ce? Daɗi na ji, wallahi. Na fito shago na tarar da Fidencio yana juya injin tortiya, wainar masarar da muke sayarwa, na gaya masa, ya yi murna da baki, idonsa kuwa yana kan hannuna. Na tura hannun cikin aljihun rigar aiki.

Juma'a, da yamma

Na je wajen da Fidencio ya dame ni in je. Likitan yaro ne, gemunsa ma bai gama fitowa ba. Ya liƙa hoton wuyana a jikin fitila, ya yi ta nuni da biro, ya ɗauko allura yana tsikarin yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa in faɗa in na ji. Na faɗa a inda na ji.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ya yi magana da yawa.

A hanyar dawowa mun tsaya mun ci masara gasasshiya da cuku da lemon tsami. Rabon da mu zauna bakin titi mu biyu kamar saurayi da budurwa har na manta. Ya goge min baki da hannun rigarsa, na ce masa ya ji kunya mana, jikoki gare shi.

Asabar, da safe

Hannun lafiya lau.

Lahadi, bayan coci

Na kunna kyandir. Ban roƙi komai ba, gaisuwa kawai na kai.

'Yata Nayeli ta kawo yaran, gidan ya cika da ihu. Ƙaramar ta hau kujera ta buɗe hannuwa ta ce, "Kaka, ni ce Tsattsewa!" Kafin in ce wani abu ta faɗo. Na cafe ta da hannun dama. Dariya aka yi ta yi. Fidencio ne kaɗai bai yi ba.

Irin wannan rana, in da ana ajiye rana a kwalba, da na ajiye ta.

Talata, da sassafe

Shawarata ce, ba tasa ba. Kafin mu buɗe shago Fidencio ya hau tsani har rufin ɗakin baya da buhun masara, ni na tsaya a tsakar gida. Na ɗaure wuyan buhun da tsohon tsumma ja, shi ne kan Otilia. Dokar ita ce kada jan tsumman ya taɓa ƙasa.

Ya ce daga sama, "Tsohuwa, in maƙwabta suka leƙo me zan ce musu?"

"Ka ce musu matarka ta haukace. Jefo!"

"Buhun nan ya fi comadre nauyi fa."

"Ba ka ɗauke ta ba tun da ta fara cin tamal, alalar masarar nan, biyu da safe. Jefo, na ce!"

Ya jefo. Na cafe. Ya sake, na sake cafewa. Har rana ta fito jan tsumman bai ga ƙasa ba. Na shiga wanka ina waƙa. To, ina yaron mai biro? Ya zo ya gani.

Da na zo ɗaure igiyar takalmi ne dai sai da Fidencio ya durƙusa ya ɗaure min. Sanyin safiya ne.

Alhamis, da yamma

Na je gidan Otilia da niyyar magana. Na shirya kalmomin tun a cikin bas, guda nawa ne ma, ba su da yawa.

Ita ce ta riƙe Nayeli ranar baftisma, tun daga nan muke comadre. A dandali na ja gashinta, na taka mata yatsu, na taɓa fasa mata kujera a baya. A ɗakin girkinta kuwa ni ke yanka mata albasa, don ita kuka take yi. Yau ta hana ni wuƙar. Ta ce in zauna kawai, ta miƙo min atole, kunun masararmu, a hannun dama, ta zagayo ta zauna.

Kafin in buɗe baki ta ce, "Comadre, kin san wa zai zo ranar Lahadin? Mama."

Doña Severa, mahaifiyar Otilia, ba ta taɓa barin ƙauyensu na Oaxaca don kallon kokawa ba. Tun ranar da Otilia ta fara, tsohuwar ta ce ita ba ta haifi 'ya don ta riƙa dambe da ɗan kamfai a gaban maza ba. Yanzu ido ya fara rauni, ta ce a kai ta ta ga wannan tashin da ake faɗa kafin hasken ya ƙare.

Otilia ta ce, "Na sa an ajiye mata kujerar gaba, daidai inda kike tsayawa. Sau ɗaya dai, Lala. Ta gan ni a sama sau ɗaya." Idonta ya kawo ruwa, babu albasa a kusa.

Sannan ta dube ni ta ce, "Ke fa? Akwai magana ne?"

Na ce, "Atolen nan ya yi zaƙi da yawa."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To." Ta rako ni har bakin titi, ta riƙe min jaka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta. Na so in tambaye ta zancen Puebla, me ya hana ta matsa min hannu, sai na ga abin ya yi ƙanƙanta.

Asabar, da rana

Doña Herminia ta zo sayen tortiya. Matar nan tun ina sabon shiga take zama a layin gaba duk Lahadi, ita ce ke dukana da jakar hannu in na wuce. Ba ta san fuskata ba. A shago kuwa ni ce "Lalita 'yar albarka", har ƙwai take kawo min.

Ta ce, "Lalita, za ki zo ranar bikin? Zan sa dutse a jaka saboda Kunamar nan."

Na ce, "Haba Doña, me ta yi miki haka?"

"Me ba ta yi ba? Muguwa, maƙetaciya, mai ƙafa kamar turmi. Uwarta ma na tabbata ba ta son ta." Ta karɓi tortiyarta, ta ɗan tsaya. "Amma ki ji, zan ba ta abu ɗaya. Ba matsoraciya ba ce. In Tsattsewa ta taso, tsayawa take yi ƙyam ta karɓa a ƙirji. Na ga maza ƙarti suna ja da baya. Ita ko kusa."

Na ƙara mata tortiya biyu a kan kilonta. Da ta tafi na shiga ciki na zauna a kan buhu. Daɗi ya kama ni, amma maganar ta yi min nauyi kamar dutsen nata.

Litinin, da safe

Buhu lafiya. Hannu lafiya.

Laraba, da hantsi

Ban san yadda aka yi ba. Na gan shi yana zuwa, ƙafafuna daidai, ƙirjina daidai. Na aika hannun, bai je ba. Ba ciwo, ba komai. Kawai bai je ba.

Jan tsumman ne ya fara sauka. Buhun ya fashe daga wuya, masara ta watsu har bakin ƙofa.

Fidencio ya sauko a hankali, ya ɗauko tsintsiya. Shara yake yi, ni ina tsaye. Tantabarun maƙwabta suka sauko suna tsinta.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wannan buhu ne, Eulalia."

Ba ya kirana Eulalia sai abu ya kai.

Na ce, "Sau ɗaya ne."

"Ita ma wuya ɗaya gare ta."

Na ɗaga murya. Na ce masa shi da bai taɓa hawa dandali ba me ya sani, in aka ji labari a ɗakin canza kaya shi ke nan, daga Lala mai cafewa sai Lala abin tausayi, kowace yarinya ta riƙa yi min sannu kamar mai jinya. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya gama shara, ya tsince jan tsumman, ya kakkaɓe, ya ajiye min a kan taga.

Yana nan har yanzu. Ban taɓa shi ba.

Juma'a, da yamma

Na ɗauki waya sau da yawa, a ƙarshe na kira Otilia. Doña Severa ta iso, ina jin muryarta a bayan Otilia tana faɗan hayaƙin birni. Na ce dama gaisuwa ce.

Asabar, da rana

Na wanke hular Kunama da hannu, na shanya ta a cikin ɗaki yadda na saba, kada maƙwabta su gani. Na dube ta tana ɗiga. Ta ciyar da ni, ta kai Nayeli makaranta, ta kai ni garuruwan da ko a mafarki 'yar mai wanki ba za ta je ba. Ba ni da ƙorafi ko ɗaya a kan rayuwar nan. Ina son warin man zafi, ina son ƙarar tabarmar dandali in baya ya sauka a kai, ina son zagin.

Fidencio ya dafa pozole, faten masara da nama, ba tare da na roƙa ba. Mun shirya, faɗan ya wuce.

Lahadi, da safe

Ban yanke komai ba. Na ci ƙwai biyu.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Fili ya cika har matakala. Doña Herminia tana wurinta da jakarta a cinya. Kusa da ita wata 'yar ƙaramar tsohuwa da kitso biyu farare, ta rungume gyalenta kamar wadda aka kawo kotu. Wasan ya tafi sumul. Na ja gashin Otilia, na ciji igiya, na zagi alƙalin wasa da kakanninsa. Duk da hannun dama na yi, ba wanda ya lura. Sannan ta ture ni waje, na sauka a kan simintin, a gurbin da ƙafata ta san shi ko ido a rufe.

Ta fara hawa. A hankali take hawa, ba kamar yadda ta saba ba, igiya ɗaya, ta tsaya ta ɗaga wa jama'a hannu, sannan ta gaba. Fili ya fara yin shiru. Na ware ƙafafu, na buɗe ƙirji. Na ce wa hannun, yau ɗaya dai. Na motsa yatsuna, ina kallonsu, biyu suka motsa, sauran suka yi kamar ba da su nake ba.

Na ɗaga kai. Ta kai sama, ba ta buɗe hannuwa ba tukuna. Abin da na gani a wurin ba Tsattsewa ba ce, jan tsumman nan ne.

Sai na juya mata baya na yi tafiyata.

Ban gudu ba. Tafiya na yi ta isa, ina karkaɗa ƙugu. Na je layin gaba, na fizge ledar gyaɗa daga hannun wani mutum, na zauna a bakin matakala kusa da Doña Severa, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na fara ci. Na ɗaga wa Otilia hannu, wai ta sauko ta same ni in ta isa.

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. "Matsoraciya! Matsoraciya!" Fili gaba ɗaya, da ƙafa da baki. Giya ta sauko min kamar ruwan sama. Doña Herminia ta miƙe, ba ta ma ɗaga jakar ba. Ta ce, "Ke ma? Har ke?" Wannan ya shige ni fiye da duk kujerar da aka taɓa fasa min. A cikin hular na yi kuka, ina tauna gyaɗa.

Otilia ta sauko ta matakala kamar kowa, ta jawo ni da gashi zuwa dandali, ta yi min dukan da jama'a suke so, ta danne ni aka ƙirga. Da na shigo ɗakin canza kaya, kowace yarinya ta sami abin kwancewa a takalminta. Don Cástulo kaɗai ke tsalle, wai bai taɓa ganin mugunta mai kyau irin wannan ba, a sake wata mai zuwa. Na ce masa zan zo ofis mu yi magana, doguwa ce.

Ɗazu da safe sai ga Otilia a shago da mahaifiyarta, a hanyarsu ta tasha. Na rasa inda zan sa ido. Doña Severa ta dube ni sama da ƙasa, ashe an gaya mata ko ni wace ce.

Ta ce, "Ke ce baƙar? Zo nan." Ta sa min albarka a goshi. "Duk gidan mahaukatan nan ke kaɗai na ga mai hankali. Na ga inda wannan ta hau. Ya ishe ni, ba sai na ga saukar ba."

Fidencio ya ja tsohuwar ciki ya ba ta kujera. Muka rage mu biyu a bayan injin.

Na ce, "Comadre, na hana mama ganin tashinki."

Ta ce, "Kin ga ina kuka?"

"Akwai abin da ban gaya miki ba."

"Tun Puebla na sani."

Na ce wane Puebla, ita da ko hannuna ba ta matsa ba ranar.

"Ban matsa ba? Lala, na matsa har farcena ya shiga namanki. Kina kwance kina kallon rufi kina murmushi. Me kike tsammani ya sa jiya na hau igiya kamar tsohuwar akuya? Lokaci nake ba ki."

Na duba bayan hannun. Akwai ɗan tabo a wurin, mai lanƙwasa. Na daɗe ina ganinsa, na ɗauka injin ne.

Na ce, "To da na tsaya fa?"

Ba ta ko yi tunani ba. "Da na yi tsalle."

"Kin haukace? Kin sani, kuma ki yi tsalle?"

"In kin tsaya, to za ki cafe ni ke nan. Ni ban taɓa duba siminti ba, comadre. Ke nake dubawa."

Injin yana ta juyi, tortiya suna ta faɗowa ba mai kwashewa. Sai ta kamo hannuna na hagu, a gurbin da ta saba. Ban ji komai ba. Amma ina kallo, na ga yatsunta sun lanƙwashe, na ga fatata ta yi fari a ƙarƙashinsu.

Na ɗora na dama a kan nata, na matsa.